Ruwan da Ya Cinye Bula

Akwai kwana biyu a rayuwata da har na koma ga Allah ba za su fita daga raina ba. A lokacin ina kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare a kudancin Tudun Wada, wajejen ƙarshen shekarun 1980. An yi hutu, ɗalibai da malamai duk sun watse, ni kuwa ban tafi Kano ba, don babu wanda ke jirana a can. Daga ni sai kwalabe da na'urar ƙara girman abu guda ɗaya. Wani lokaci sai in wuni ban furta komai ba ban da salla.

Mutum biyu ne ke leƙo ni. Akwai wata tsohuwa da ke yi mini wanki, sai wani dattijon Bafulatani da ke da ruga a wajejen Riruwai. Duk ranar kasuwa yakan biyo ya ajiye mini nono, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon kayan aikina.

"Malam mai kwalabe," in ji shi, "yau ma da su kake hira?"

"Da su, Baffa. Ba sa musu."

A ranin shekarar ya zo mini da jarka cike da ruwa fari-fari kamar an dama farar ƙasa. Ya ce daga wani tsohon ramin haƙar kuza ya ɗebo, kusa da rugarsa. Rafin da suke shayarwa ya ƙafe, shanu suna tafiyar rabin wuni kafin su sha, maruƙa sun fara kwanciya a hanya. Ko ruwan nan zai shayu?

Ruwan ba laka ba ce irin wadda ke kwantawa. Ƙurar da ke cikinsa ta yi laushin da ko an tace da ƙyalle sai ta bi. Ba ni da kayan gano guba, amma na san wata hanya mai sauƙi ta tambayar ƙwayoyin halitta masu rai. Ana jiƙa yis ɗin burodi, wanda shi ma ƙwayoyi ne masu rai, a cikin ruwan da ake zargi, a bar shi na wasu sa'o'i, sannan a ɗiga masa wani shuɗin rini a duba a na'ura. Ƙwayar da ke da rai takan zauna fara, matacciya kuwa takan rine ta koma shuɗiya. Sai a ƙirga.

Na yi haka tun da hantsi, shi kuma ya wuce kasuwa. Da la'asar na ɗiga a kan gilashi uku na duba a na'ura, na ga ƙwayoyi farare tas, da ƙyar na sami shuɗiya ɗaya. Ya dawo ya tsaya a ƙofa da sandarsa.

"Lafiya lau ne, Baffa. Ka shayar."

Ya yi ta sa mini albarka. Yanzu da nake tuna abin, na san me ya sa ban ce ya ba ni kwana uku ba. Watanni ke nan babu wanda ya buƙaci wani abu daga gare ni, ina so in ga ya tafi da murna ta dalilina.

Washegari da safe tsohuwa ta zo wanki. Ruwa yana wuya, sai ta juye sauran na jarkar don ɗauraye fararen riguna. Can na ji tana faɗa ita kaɗai.

"Ɗan nan, wane irin ruwa ka ajiye? Sau biyu ina zuba bula yana cinyewa. Riga ko alamar shuɗi babu!"

"Yana cinyewa, Iya?"

"To ƙarya zan yi maka? Zo ka gani."

Ban je ba. Na koma ɗakin gwaji. Na tafasa yis har na tabbata babu ƙwayar da ta rage da rai, na zuba masa ruwan ramin, na ɗiga rini, na duba. Farare tas, kamar na jiya. Ƙurar nan mai laushi ce ke shanye rinin kafin ya kai ga ƙwayoyin. Ashe ko duk sun mutu, haka zan gan su. Gwajin jiya bai gaya mini komai ba.

Na hau babur. Ban isa rugar ba sai bayan azahar. Na tarar da shanun suna dawowa daga ramin, bakunansu da farin ruwa, dattijon yana bayansu.

"Baffa, na yi kuskure. Maganar jiya ka ajiye ta. Ban san ko ruwan nan lafiya ne ba."

Ya dogara da sandarsa ya ce:

"Jiya ka sani, yau ba ka sani ba?"

"Jiya ma ban sani ba."

Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya yi wa iyalinsa magana da Fulatanci, aka kora garken gefe. Sannan ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, na sha ba don ina jin daɗinsa ba.

Na ɗebi wani ruwan na dawo, na sake gwaji ta hanyar da ba ta buƙatar rini. Na ɗora albasa a bakin kwalabe, wasu da ruwan rijiya, wasu da na ramin. Bayan kwana huɗu, na rijiya sun fitar da saiwoyi dogaye farare, na ramin kuwa gajeru, sun yi duhu sun kanannaɗe. Na ɗauki kwalaben na koma don in nuna masa, sai na tarar da kufai. Maƙwabta suka ce sun tashi sun yi kudu tun shekaranjiya, kuma karsana ɗaya ta mutu musu kafin tafiyar. Ko ruwan ne, ko wahalar rani, har yau ban sani ba. Ranar kasuwa ta zagayo, na share bakin ƙofa na zauna. Bai zo ba, kuma ban sake ganinsa ba.

A 'yan shekarun nan nakan karanta yadda masana ke gwada gubar ƙwayoyin nano, waɗanda suka fi ƙurar nan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, a jikin ƙwayoyin halitta. Na ga su ma suna fama da wannan matsala ta shanye rini, shi ya sa suke haɗawa da ƙwayoyin halittar da suka kashe da gangan. Ni na koya a kan garken wani. Tun daga ranar, duk gwajin da ya ce mini lafiya lau, sai na fara nuna masa gawa in ga ko zai gane ta. Kuma in ban sani ba, nakan faɗa tun mai tambaya yana tsaye a ƙofa.