Ragon Yaya da Ƙarar Tasa

Shekara talatin na yi ina aikin likitan dabbobi. Na yi karatu a Sudan, na zauna a Kamaru da Masar, na ga yadda ake kiwo a wurare da dama kafin in dawo Birnin Kudu in huta. Shi ya sa da yayata ta Dingaya za ta tafi jinyar 'yarta mai tsohon ciki, ta bar mini ragon da take turkawa domin suna, ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Yaya tana da wata al'ada. Kafin ta ba shi dusa sai ta buga tasa da ludayi, ta tsaya tana yi masa hira, tana tambayarsa yadda ya kwana. Na sha tsokanarta, ina ce mata a Masar zuba abinci ake yi a wuce, ba a gaida rago. Takan ce ragunan Masar marayu ne.

Na auna dusa, na sa kanwa daidai, na ajiye masa shiru kamar yadda na saba. Ya shinshina, ya ɗan taɓa, ya juya mini baya. Kwana uku haka. Na duba haƙori, na duba ido, ba zazzaɓi, ba kumburi. Kwiɓinsa kuwa ya fara faɗawa, ga haihuwa ta matso.

Ina zaune gaban turken sai darasin da na koyar da ɗalibai da Larabci da Turanci ya faɗo mini da Hausa. A ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda take haɗuwa da laka, akwai wata doguwar jijiya da ke sauka har tumbi. Da zarar dabba ta ga abinci, ko ta ji ƙanshi ko ƙarar da ta saba ji, daga nan ake aika wa ciki ya fara sakin ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Wato ciki yana shiri tun baki bai taɓa komai ba.

Na leƙa ko maƙwabta na kallo, na buga tasa, na gaida rago. Ya ɗaga kai, ya dube ni, ya mayar.

Dole na kira Yaya a waya. Sai da ta gama dariya ta ce, "Likita, buɗe muryar, kai masa kusa da kunne."

Na durƙusa da furfurata ina riƙe wa rago waya, ina buga tasa da ɗaya hannun, ita kuma tana ba shi haƙuri, wai ni ƙaninta ne, ban san kan gida ba. Kafin ta rufe baki rago ya sa kai cikin dusa.

Haka muka yi safe da yamma har kwana tara. Da ta dawo ta shafa gadon bayansa, ta matsa ƙugu.

"Zai yi suna," in ji ta. "Amma kai za ka raba naman, kada a ga inda ya rame."