Rigar Sanyin Da Ta Kai Ni Gidan Yari

Kafin in lalace, ni mai sayar da kaset ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Ranar Lahadi ina cikin mawaƙan majami'a, sauran ranaku kuma ina karanta littattafan soyayya ina mafarkin Saratu, 'yar wani malamin firamare da ke noman citta a Fadan Kagoma. A idona ita ce farin wata. Baban nata ya yarda da ni har yana ce mini ɗansa.

Sai abokina Bulus ya dawo daga Legas da kaset na samarin Amurka, masu zuba magana da sauri a kan kiɗa. Rabin Turancin ban ji ba, amma Bulus ya yi mini fassara: mai sayar da ƙwaya shi ne sarkin unguwa, 'yan sanda tsoronsa suke yi, 'yan mata kuma layi suke yi masa. A bangon kaset ɗin ga ƙato da sarƙar zinariya da jibgegiyar rigar sanyi. Na ce ai ga jarumin da nake nema a littattafai.

Na je gwanjo na sayi irin rigar. Watan Maris ne, ƙadangare ma neman inuwa yake. Saratu ta kalle ni ta ce, "Kai kuma zazzaɓi kake yi?" Na ce ba za ta gane ba, gayu ne. Ta ce, "To Allah ya ba gayu lafiya."

Da ƙulli ɗaya na wiwi na fara sayarwa, a ɓoye cikin kwalin kaset. Daga nan Bulus ya ce warin citta yana danne na wiwi. Na je na durƙusa gaban baban Saratu na ce zan kai masa cittarsa Abuja, can ta fi daraja. Ya sa mini albarka. Na farke buhunan na cusa kaya na ɗinke.

A Jere 'yan sanda suka tsayar da motarmu. Kowa na fifita, ni ina cikin rigata gumi na zuba. Wani kofur ya leƙo ya ce, "Oga, ƙanƙara ake yi a kujerarka? Sauko." Ya caje ni, ya caje buhunan, sai ga wiwi. Manomanmu kuwa kowa yana rubuta sunansa a jikin buhu. Haka aka je har makaranta aka ɗauko dattijon nan a gaban ɗalibansa. Sai da na rantse a kotu cewa bai san komai ba aka sake shi. Ni kuwa aka ɗaure ni.

A gidan yari na yi ta tuna waƙoƙin nan. Babu baiti ko ɗaya a kan gabzar da ake ba fursuna ya ci, ko kuɗin cizo, ko bokitin bahaya da sabon shiga ke ɗauka. Maƙaryatan banza! Su suna ɗakin ɗaukar murya suna shan iska, wawaye irina suna zaman ɗaurin.

Da aka sallame ni na tuba, na koma majami'a a kujerar baya. Na haɗu da Saratu a kasuwa da goyo. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ni na yafe. Baba dai bai sake shiga aji ba har ya rasu."

Samari, ku ji kiɗa in kuna so, amma kada ku ɗauki mawaƙi malami. Shi in ya gama sai a juya kaset. Ni nawa bai juyu ba.