Masu Kawo Labari ta Ƙofa Ɗaya

Haihuwata ta fari, a gidanmu na Kalgo na yi wankan jego. Abin da na fi tunawa tururi ne: ruwan zafi da ganyen darbejiya, kunun kanwa, sai wani nauyi da ke sauko mini bayan azahar, ni ba barci ba, ni ba ido biyu ba. Ɗiyata ta motsa, gabana ya faɗi. Ta yi atishawa, ya faɗi. Ta yi shiru ma sai na kai kunne bakin hancinta. Ga arba'in na matsowa, kuma a ɗakina na Gwandu babu Inna da za ta ce mini wannan kukan yunwa ne, wancan na ciwo.

Yayana yana aiki da kwamfuta a rumfar tsakar gida, yana rubuta wa wasu mutanen nesa manhaja. Nakan shimfiɗa tabarma kusa da shi ina kallon layuka masu launi suna hawa kamar zare.

"Yaya, mi kake saƙawa?"

"Maijego sarkin tambaya. Warwara nake yi."

Ya ce akwai manhajar da aikinta bin sawun kuskure a cikin wasu manhajojin. Duk abin da ya faru sai ta ba da labari: an tsaya, an ci gaba, wani abu ya sauya. To, masu kawo labarin sun watsu, kowa da ƙofarsa. Wani ya faɗa sau biyu, wani ya iso bayan an tashi. Shi tattara su yake yi su bi ƙofa ɗaya, a jere.

"Ka kori na banzan mana, ka huta."

"Ba a korar kowa. Ina na san na banza tun bai buɗe baki ba?"

Ina jinsa idona ya lumshe. Na ga zaure a cikin ƙirjina, mata sun yi layi da kwanuka a rufe. Wannan ta kawo shaƙuwa, waccan tari, ta baya shiru ta ɗauko. Ba mai ture wata. Ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka na roƙi Inna ta ƙara mini kwanaki.

"Wanka za ki yi ta yi har ta yi aure?" ta ce, tana ɗaure mini garin kunu.

Ranar tafiya na tarar da Yaya ya dafe kai. Wai garin tattarawa labari ɗaya ya ɓace, bai san inda ya maƙale ba.

"In ba ka gan shi ba fa?"

"Sai in sake bi daga farko. Hau mota, Maijego."

Mun yi nisa a hanyar Gwandu ɗiyata ta fara kuka. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Ba ta nono mana, yarinya."

Na ɗan saurara tukuna. Kukan siriri ne, yana yankewa, wuyanta ya jiƙe.

"Kamar zafi take ji," na ce.

Ban tabbata ba. Na cire mata hula, na ture gilashin taga kaɗan.