Bincike a Ƙofar Jami'a

Shekara ashirin da biyu mai gadin ƙofar jami'a yana buɗe but ɗin motocin mutane. Aikinsa bincike ne, kuma duk abin da ya taɓa ganowa bai wuce tayar safaya, tsofaffin takalma da wani ɗan akuya da ya lashe masa hannu ba.

Autarsa ta gama digirin injiniya a jami'ar, ta kawo masa takardar neman digiri na biyu ya sa hannu. Hanya biyu ce, in ji ta: ko ta zauna aji ta ɗauki darussa, ko ta yi na bincike. Na binciken take so.

"Bincike?" Ya cire hularsa. "Shekara biyar kina lissafi, ki ƙare a irin aikina?"

"Baba, ba irin naka ba ne."

"Duk mai bincike haka yake cewa ranar farko."

Ya ƙi sa hannu, ga shi washegari za a rufe karɓar takardu. Da safe ya tare motar farfesan da zai duba aikinta, ya leƙa but, ya kuma leƙo ta taga.

"Ranka ya daɗe, kai ma bincike kake?"

"Shekara talatin."

"Me ka gano?"

Farfesa ya yi tari, ya gyara tabarau, ya fara bayanin rubuce-rubucensa a mujallun ilimi. Mai gadi ya girgiza kai. Surutu ne, ya sani. Motoci suka cika layi suna hon, dole farfesa ya ce ya shigo ya gani da idonsa.

A ɗakin gwaji ya tarar da auta cikin rigar aiki, hannu duk siminti. Ta ɗora curin kankare a bakin wani inji, ta danna maɓalli. Injin ya matse shi har ya tarwatse, ta rubuta lamba.

"Kin fasa musu kaya!"

"Aikin ke nan, Baba. Sai an fasa ake sanin nauyin da gada za ta ɗauka."

Ya daɗe yana kallon ɓaraguzan. Wannan dai aiki ne, har da ƙura. Ya karɓi biro ya sa hannu, sannan ya ce a ba shi ya danna sau ɗaya.

Sau huɗu ya danna kafin farfesa ya riƙe masa hannu.