Hannun Malam da Ɓarar Gyaɗa

Yau na dire wa maigidana faifan gyaɗa, na ce, "Malam, ɓare."

Wata uku ke nan da hawan jini ya shanye masa hannun dama. Likita a Gumel ya ce bincike ya nuna sai hannun yana aiki zai farfaɗo. Mutumin da ko butar alwala sai an cika masa!

Ya ce, "Hajiya, ramuwa kike yi."

Na ce, "Wa, ni? Umarnin likita ne."

Haushi ya sa ya nuna ni da yatsa. Da hannun daman!

Na rangaɗa guɗa ina hawaye. Ashe maganin a bakina yake tuntuni.

Jikokina, gobe wanki zan ba shi ko daka?