Teles, Ba Tilas Ba

Har yau 'yan unguwa Goggo Tilas suke ce mata, kuma wallahi ba ta taɓa jin haushi ba. Sunan ya samo asali ne tun tana budurwa, satin da ta kama aiki a kamfanin da ke fitar da fatu ƙasashen waje.

Ta dawo gida da murna ta ce, "Baba, an sa ni aikin teles!"

Baba kuwa kunnensa ya ɗan yi nauyi. Aikin tilas ya ji. Mutumin da mahaifinsa ya tafi aikin tilas na fasa dutse bai dawo ba, ina zai tsaya jin bayani? Da safe ya bi ta ofis, ya rantse ƙafarsa ƙafarta za su koma gida.

Ita kuwa tana son aikin nan kamar ranta. Ta ja shi ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan na manaja, inda injin teles ɗin yake.

"Baba, teles ne. Wasiƙa ce da ke bin waya. In na buga nan, yanzu-yanzu za ta fito a takarda a wata ƙasa."

"Ke, raba ni da tatsuniya!"

Ta zauna, ta buga wa ma'aikaciyar can ƙetaren teku cewa ga mahaifinta ya zo. Kafin amsa ta iso, Baba har ya kama hannun ƙofa. Sai injin ya ɗau ƙara shi kaɗai, kat-kat-kat, ba mai taɓa shi. Baba ya yi baya yana salati.

Ta yago takardar ta fassara masa: "A gaida Baba. 'Yarka ba ta taɓa aiko mana kuskure ba."

Ya sa ta maimaita har sau uku. Manaja ya leƙo jin hayaniya, Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne babba a nan? Yarinyar da ake gaida ubanta daga bayan teku ce kuka ɗora a kan wannan gurguwar kujera? Haba!"

Baba dai kafinta ne. Bayan kwana huɗu sai ga shi da sabuwar kujera a ka, ya ratsa tsakiyar kasuwa, duk wanda ya tambaya ya ce ta 'yarsa ce mai aikin tilas. A kanta ta zauna shekara ashirin da biyu, har ranar da aka kwashe injin.