Salgar da Na Haƙa Kusa da Rijiya

Shekarun baya, a wata damina mai ruwa da yawa, amai da gudawa ya shigo lungunmu a Ƙofar Marusa. Ni sana'ata haƙar rijiya da yasarta, sai haƙar salga. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ƙasa na sani. In na damƙa na murza, zan gaya maka ko ruwa na kusa.

Rijiya ɗaya duk lungun ke sha, tana jikin masallaci. Shekara guda kafin ciwon, Alhajin da ya gina masallacin ya kira ni in haƙa salga a bayansa saboda masu kama ruwa. Mahaifina ya koya mini ƙa'ida: salga ba ta zama ta saman rijiya, kuma sai ka ƙirga taku talatin a tsakaninsu. Na taka wurin, tara na samu. Na faɗa wa Alhaji. Ya ce, "Malam, filin ke nan. Ko a sama za mu haƙa ta?" Aka yi dariya, ni ma na taya. Na ɗauki diga.

Da na yi zurfin gaba biyu sai na tarar da yashi mai danshi. Jijiyar ruwan rijiyar ce. A nan mai hankali yake ajiye diga ya fito. Ni na yaɓe wurin da laka, na ƙarasa aikina, har ana cewa hannuna na da kyau.

Da ruwa ya yi yawa ƙasa ta ƙoshi, sai ciwo ya fara. Yara ya fara ɗauka. Autana, ɗan shekara huɗu, ya kwanta da hantsi, washegari kafin la'asar mun rufe shi. Ni ma na kwanta, Allah bai yi kwanana sun ƙare ba.

A ƙarshen lungun akwai wani kafinta, Kirista ne daga kudancin Kaduna. Ya fi shekara ashirin a cikinmu, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Makarar da muke ɗaukar gawa ma shi ya gyara mana ƙafarta a satin, bai karɓi komai ba. Matarsa shara take yi a asibiti. A gidansu babu wanda ya kwanta, saboda ita tafasa ruwa take yi, tana kuma bi gida gida tana cewa a tafasa. Matanmu suka ce itacen wa za a ƙona.

Wata safiya aka gan ta tana zuba wata farar hoda a rijiya. Maganin kashe ƙwayar cuta ne ta roƙo a wurin aikinta. Kafin azahar magana ta juya. Aka ce guba ce, aka ce tun farko ma su ne, in ba haka ba me ya sa mutuwa take tsallake ƙofarsu. Mutanen da suka ci tuwon sunan 'ya'yan juna suka fara cewa "su" da "mu". Matasa suka taru a ƙofar mai unguwa, wasu da sanduna.

Mai unguwa dattijo ne, bai son fitina. Ya sa aka kawo kafinta da matarsa cikin zaure, ya ce, "Ga mai haƙar rijiya nan. Shi zai shiga ya duba. Abin da ya faɗa shi ke nan."

Aka ɗaura mini igiya na sauka. Ban kai ga ruwa ba na gani. Ta gefen salgar, bango ya yi baƙi yana tsatsafowa, warin ya cika mini hanci. Na san wurin kamar tafin hannuna. Na daɗe a rataye ina kallonsa. Abin da ke raina ɗaya ne: in na faɗa, to ni na kashe ɗana, kuma uwarsa tana tsaye a sama cikin mata.

Na ja igiya aka fito da ni.

Mai unguwa ya ce, "Mi ka gani?"

Na ce, "Ruwan dai ya ɓaci, ranka ya daɗe."

"Mi ya ɓata shi?"

"Allah ne masani."

Kafinta ya matso. Ya ce, "Haba maƙwabci. Kai ka san rijiya fiye da kowa. Hodar yau ce ta kashe yaran makon jiya? Ka faɗa masu mana."

Na ce, "Ni haƙa na sani, ban san hoda ba."

Ban yi masu ƙarya ba, abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan shekara da shekaru. Amma duk wanda ke wurin ya fahimci shiruna yadda yake so. Mai unguwa ya samu ya hana a taɓa su. Da yamma aka jefi rufin gidansu, aka watsa katakon shagonsa a kwata. Kwana biyu suka kwashe kaya a a-kori-kura. Ina zaune a dakalina suka wuce. Matar ta ce, "Sai wata rana, Baba. A ci gaba da tafasa ruwa." Na yi kamar ina gyaran ƙotar diga.

Bayan sati ma'aikatan lafiya suka zo, suka duba, suka ce salga ce, suka rufe rijiyar da siminti. Ciwo ya tsaya. Ba wanda ya tambayi wa ya haƙa, don duk wanda ya tambaya sai ya tambayi wa ya sa a haƙa. Aka ce ƙaddara. Amma a bakin mata da yara sunan da aka sa wa matar kafinta ya zauna: mai guba.

Sai da na fara furfura na nemi kafintan. Na same shi a wani ƙaramin shago wajen Ƙofar Kwaya yana goge ƙofa. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Na zo in faɗa maka abin da na gani a rijiyar nan."

Bai ajiye aikinsa ba. Ya ce, "Na sani. Tun da ka fito na gani a fuskarka."

Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Ni na yafe tuni. Matata ta rasu bara. Har ta mutu ba ta yarda ta bi ta lungunku, wai kada yara su kira ta da sunan nan. Ba ni ke buƙatar jin maganarka ba, maƙwabci. Can za ka kai ta."

Na kai. Na fara da matata, a ɗaki. Ta yi kwana uku tana ƙaurace mini, a na huɗu ta ajiye mini abinci. Sannan ranar Juma'a bayan la'asar na tashi a masallacin na faɗa, tun daga taku tara har yaɓen laka. Alhaji ya riga ya rasu. Wani ya ce, "Malam, ai abin ya wuce, mi ye na tono?" Na ce tono sana'ata ce. Ba wanda ya yi dariya.

Na shiga rijiyoyin da suka rufta, na fito da rai. Na ɗauka ni jarumi ne. Ranar da ake buƙatar jarumta kalma biyu ce kawai, "salga ce", kuma na kasa. Yanzu in yaro a lungunmu ya ce mai guba, nakan tsayar da shi in gaya masa cewa matar nan magani ta zuba, ni ne na ɓata ruwan. Na faɗa ya fi a ƙirga. Ita dai ba ta ji ko sau ɗaya ba.